Ƙasar da Majiyyaci Yake Ganin Wanda Ya Buɗe Katinsa

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni zuwa Estoniya. Ya kammala digiri na biyu a Jami'ar Tartu, mahaifinsa kuwa ya riga mu gidan gaskiya, sai dangi suka ce ni zan je in tsaya masa ranar yaye su. Da na faɗa wa abokan zama a Daura inda na nufa, wani ya ɗauka Itofiya na ce, wani ya ce ai Ostireliya ce. Ban ga laifinsu ba. Ƙaramar ƙasa ce a arewa maso gabashin Turai, a bakin tekun Baltik, Rasha na gabas da ita, Latbiya na kudu. Faɗinta ya kusa ninka na Jihar Katsina, amma mutanenta miliyan 1.3 ne da 'yan kai, alhali mu tun a ƙidayar 2006 mun kai miliyan 5.8.

Na bi ta Kazaure zuwa Kano, daga nan Abuja, sai Istanbul, sai Talin, babban birnin ƙasar. A watan Yuni na sauka, lokacin da rana ba ta son faɗuwa a can. Ƙarfe goma na dare ya wuce gari na nan da haske kamar bayan la'asar sakaliya, kafin ka runtsa kuma alfijir ya keto. Akwai cibiyar Musulunci kusa da filin jirgin sama, can muka yi Juma'a tare da Tatar 'yan asalin ƙasar da Larabawa da 'yan Pakistan da tsirarun 'yan Afirka. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tsauni, kusan rabinta daji ne. Mutanenta ba su da yawan magana. Za ka shiga mota cike da jama'a ka ji shiru kamar ana jiran liman, amma in ka tambayi hanya sai mutum ya tsaya ya nuna maka har ka gane. Burodinsu baƙi ne mai tsami-tsami, sai da na daure kafin harshena ya karɓe shi.

Ni dai aikin ɗakin kati na yi a asibitocin gwamnati har na yi ritaya. Mai irin aikina duk inda ya je, idonsa na kan layi da takarda. Shi ya sa abin da ya tsaya mini a rai a Estoniya ba ganuwar tsohon birni ba ce, duk da kyanta. Wani ciniki ne na minti biyu a kantin magani.

A kantin magani

A tsakiyar tsohon Talin, gefen dandalin majalisar gari, akwai kantin magani da ake ciniki a cikinsa tun aƙalla 1422. A ɗaki guda sun adana irin magungunan da, har da busassun kwaɗi, a ɗayan kuma ana sayar da maganin zamani. Yaron nawa yana da asma, abin shaƙarsa ya kusa ƙarewa. Da safe ya yi wa likitarsa waya daga masauki. Da muka shiga kantin sai ya miƙa katin shaidarsa kawai. Matar ta sa katin a na'ura, ta dubi kwamfuta, ta ɗauko magani, ya biya, muka fito.

Na ce, “Kai, ina takardar likita?”

Ya ce, “Kawu, ai katin ne takardar. Tun da safe ta rubuta, yana can yana jirana. Ko a Tartu na shiga kemis zan same shi.”

Tun 2010 suke wannan tsari, kuma yau kusan kashi 99 cikin ɗari na magungunan da likitoci ke rubutawa ta kwamfuta suke bi. Ba rubutun likita da mai kemis zai yi ta juyawa yana canki-canka. Ba a sayen magani sau biyu da rubutu ɗaya, domin da an ba da shi sai a rufe. In mutum yana cikin inshorar lafiya ta ƙasa, rangwamensa yana fita nan take. In likita ya rubuta maganin da ba ya jituwa da wani da majiyyacin yake sha, kwamfutar za ta ja kunnensa kafin ya gama. Tsoho da ba ya iya fita kuwa ɗansa na iya karɓo masa, da katin ɗan da lambar uban, kuma za a rubuta wanda ya karɓa.

Lambar nan ita ce ginshiƙin komai. Kowane mazaunin ƙasar yana da lamba mai alƙaluma 11, daidai da yawan na lambar NIN tamu. Tun 2002 suka fara ba da katin shaida mai ɗauke da ƙwaƙwalwar lantarki, wanda mutum ke shiga shafukan gwamnati da shi ya kuma sa hannu da shi, kuma doka ta ce wannan sa hannun daidai yake da na biro.

Abin da doka ta ce

A Tartu, garin jami'ar da aka kafa tun 1632, na samu zama da wata likitar iyali, matar wani malamin yaron. Kowane mutum a can yana da likitan iyali da yake rajista a wurinsa, shi ne ƙofar farko kafin a kai ga ƙwararre. Na tambaye ta wane kamfani ne ya yi musu wannan manhaja da ta haɗa ƙasa baki ɗaya. Ta yi murmushi ta ce ba manhaja ɗaya ba ce. Asibitin koyarwa na Tartu yana da tasa, manyan asibitocin Talin suna da nasu, likitocin iyali ma kowa da wadda ya saya. Doka ce ta haɗa su.

Ga yadda abin yake. A ƙarshen 2008 gwamnati ta buɗe rumbun bayanan lafiya na ƙasa, bayan ta gyara dokar ayyukan kiwon lafiya ta yadda duk mai lasisin duba marasa lafiya, na gwamnati ne ko na kuɗi, dole ya aika da bayanan majiyyaci zuwa wannan rumbu: taƙaitaccen bayanin abin da aka gano da abin da aka yi, sakamakon gwaji, takardar turawa, allurar rigakafi. Gwamnati ba ta ce wa kowa ga kwamfutar da za ka saya ba. Abin da ta ƙayyade shi ne fasalin takardar, wato ina suna zai zauna, da wace lamba za a rubuta kowace cuta da kowane magani. Kamar dai mudu ne a kasuwar Mai'aduwa: kowa da buhunsa da rumfarsa, amma awo ɗaya ne, shi ya sa mai saye daga Damagaram da mai sayarwa daga Baure suke fahimtar juna. Saƙonnin kuwa suna bi ta wata amintacciyar hanya mai suna X-Road da aka buɗe tun 2001, wadda ta haɗa ma'aikatun gwamnati da asibitoci, tana tantance mai aikawa da mai karɓa, tana kuma rubuta lokacin da kowane saƙo ya wuce.

Ta lissafa mini amfanin abin a aikinta na yau da kullum. In an kwantar da majiyyacinta a Talin, bayanin sallamarsa zai iso mata ba sai ya zo da takarda ba. Hoton ƙirji ko na ƙashi da aka ɗauka a wani gari yana cikin rumbun hotuna na ƙasa, ba a sake ɗauka sai da dalili. Ma'aikatan motar asibiti in sun samu lambar mutum suna iya ganin muhimman bayanansa tun kafin su isa da shi. Wanda ya fi burge ni shi ne shawara daga nesa: likitar iyali za ta tura wa ƙwararre bayanin majiyyaci da sakamakon gwajinsa, shi kuma ya duba ya ce ko dai a ci gaba da kaza a gida, ko a turo shi da gaggawa. Nan na tuna mutanenmu na Zango da Sandamu da ake turawa Katsina ko Kano, su sayar da akuya su yi kuɗin mota, su kwana a barandar asibiti, wani lokaci don maganar da ba ta wuce minti biyar ba.

Akwai kuma wata hikima a dokar tasu ta rage yawan abin da ake bayyanawa. Mai neman lasisin tuƙi sai likita ya duba shi, amma hukumar lasisi ba ta buɗe katinsa na asibiti. Abin da ke isa gare ta shi ne hukuncin likita kan ko ya cancanci tuƙi. Kowace hukuma iya abin da aikinta yake buƙata take samu.

Wa ya leƙa?

Da dare a masauki na faɗa wa yaron abin da ke damuna. Na ce duk wannan ya yi kyau, amma in kowane likita a ƙasa yana iya buɗe katin kowa, ina sirri ya kwana? Mu da muka yi aikin ɗakin kati mun san darajar abin da ke cikin fayil. Akwai matar da ke neman haihuwa ba ta son kishiya ta sani. Akwai mai karɓar maganin ƙanjamau, da mai taɓin hankali, da saurayin da gwajin jini ya nuna yana ɗauke da sikila ana gab da ɗaurin aure. A gari irin Daura, inda nas ɗin da ke bakin aiki 'yar unguwarku ce, mai ɗakin gwaji kuma surukin maƙwabcinka, magana ɗaya in ta fita ta isa ta kashe aure. Shi ya sa wasu ke tsallake asibitin da ke ƙofar gidansu su tafi garin da ba a san su ba.

Bai ce komai ba, ya buɗe kwamfutarsa, ya shiga shafin lafiyarsa da katinsa. Ga tarihin zuwansa asibiti, ga magunguna, ga gwaje-gwaje. Sai ya danna wani wuri, jeri ya fito: sunan duk wanda ya taɓa buɗe bayanansa, da wurin aikinsa, da rana, da sa'a. Ga likitarsa ta safiyar ranar da muka je kantin magani. Ba wanda zai shiga sai da katinsa na kansa, kuma ba wanda zai fita bai bar sawu ba.

Ya ce, “Kawu, in na ga sunan da ban sani ba, ina da ikon tambayar dalili. In babu dalili, sai hukumar kare bayanai.”

Doka ta ce likita ba ya buɗe bayanan mutum sai in yana duba shi. Leƙe don son jin gulma laifi ne, ko da wanda aka leƙa ɗan'uwanka ne, kuma an sha cin ma'aikata tara a kai, wasu ma sun rasa aikinsu. Ban da haka majiyyaci na iya kulle wata takarda, ko ma katin gaba ɗaya, ta yadda likitoci ba za su gani ba, in ya yarda ya ɗauki kasadar hakan. Yana iya wakilta wani ya duba masa, iyaye kuma suna ganin na 'ya'yansu ƙanana. A bisa wannan ga dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayun 2018, wadda tararta ke iya kaiwa Yuro miliyan 20.

Mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma na yi aiki da mutane masu riƙon amana da za su mutu da sirrin majiyyaci a cikinsu. Amma fayil ɗin takarda ba ya faɗin wanda ya buɗe shi. In magana ta fita sai zargi, a zargi mai laifi da marar laifi. Jerin sunayen nan yana kare majiyyaci, yana kuma wanke ma'aikacin kirki.

Wani abin da suke tsoro ma fiye da leƙe shi ne sauya bayani. Toomas Hendrik Ilves, shugaban ƙasar daga 2006 zuwa 2016, ya sha nuna cewa wani ya ga rukunin jininsa bai dame shi ba kamar wani ya canza shi, domin wannan kisa ne. Don haka suna da hatimin lantarki da ke tona duk wani gyara da aka yi a ɓoye. Wannan amincewa ce ta sa mutum fiye da 200,000 suka ba da jininsu ga rumbun binciken ƙwayoyin gado na Jami'ar Tartu. Tun a shekarar 2000 aka yi dokar da ta hana mai ɗaukar aiki ko kamfanin inshora nuna wa mutum bambanci saboda abin da ke cikin jininsa. Sai da aka yi dokar sannan aka fara karɓar jinin.

Ƙetaren ruwa

Mun shiga jirgin ruwa zuwa Helsinki, babban birnin Finlan, tafiyar kamar kilomita 80, awa biyu. Jirgin cike yake da ma'aikata da 'yan sayayya masu kai da komo, harsunan ƙasashen biyu ma 'yan'uwan juna ne. Tun watan Janairun 2019 mutumin Finlan yake iya karɓar maganin da likitansa ya rubuta masa a kantin magani na Estoniya, daga 2020 kuma mutumin Estoniya ya samu irin wannan dama a Finlan. A watan Maris na 2025 Tarayyar Turai ta kafa dokar da za ta shimfiɗa irin wannan musaya a duk ƙasashenta daki-daki.

Ina kan jirgin nan hankalina yana Kongolam, kan iyakarmu da Nijar. Tsakaninmu da Ɗan Barto da Matamaye ba teku, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Mace za ta fara awo a Nijar ta haihu a Daura, yaro ya karɓi allurar farko a nan ta biyu a can. Takardar da aka rubuta da Faransanci ta zo hannun nas mai Ingilishi, a ajiye ta gefe a fara daga farko. Kuma ba wai ba mu taɓa haɗa kai ba. A yaƙi da shan inna an riƙa daidaita ranakun rigakafi a ɓangarorin iyaka biyu, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020.

Inda suka yi tuntuɓe

Su da kansu suke ba da labarin ranakun da abin ya ƙi. A 2007 an yi wa shafukan gwamnati da bankunansu ruwan hare-hare ta intanet na makonni. A 2017 aka gano rauni a ƙwaƙwalwar katin shaida fiye da 700,000, gwamnati ta fito ta faɗa da bakinta, ta dakatar da su har aka sabunta. A shekarar ce kuma suka ƙulla yarjejeniya da Lukzambur don ajiye kwafin muhimman bayanan ƙasa a can, saboda sanin irin maƙwabcin da suke da shi. A 2024 aka bayyana cewa an sace bayanan abokan cinikin wani kamfanin kantunan magani kusan 700,000, daga rumbun kamfanin ba na gwamnati ba, kuma daga baya aka ci shi tarar Yuro miliyan 3. A Finlan abin ya fi muni: a 2020 aka gano cewa wani ya sace bayanan mutum fiye da 30,000 daga wani kamfanin kula da masu damuwar ƙwaƙwalwa, ya riƙa neman kuɗi a hannunsu. Kamfanin ya rushe, ɓarawon kuma aka ɗaure shi a 2024. Likitar Tartu ma ta yi ƙorafin yawan cike-cike a kwamfuta da ke cin lokacin duba majiyyaci. Abin da na yaba shi ne duk lokacin da aka yi ɓarna akwai wanda doka ta ce ya sanar, akwai mai bincike, akwai mai biya.

A gida

A wurinmu majiyyaci shi ne masinjan kansa. Katin awo, takardar gwaji, hoton ƙirji da kwalin tsohon magani duk suna cikin leda ɗaya, in ruwa ya taɓa ta ko ta ɓata a mota, tarihi ya tafi. Asibitoci kuma iyayen gidansu daban-daban: ƙananan na ƙaramar hukuma, manya na jiha, na koyarwa na tarayya, ga na Sojojin Sama da aka buɗe a Daura a 2019, ga na kuɗi. Kowanne da lambar katinsa. Wasu sun sa kwamfuta, amma kwamfutar wannan ba ta jin yaren ta wancan.

Ba doka muka rasa gaba ɗaya ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ajiye bayanan majiyyaci da rufa masa asiri, ba a bayyanawa sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko in rufewar za ta cutar da jama'a, kuma ta tanadi ɗauri har na shekara biyu ko tarar Naira 250,000 ga mai wasa da fayil. Dokar Kare Bayanai ta watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta ba mutum ikon neman kwafin bayanansa, ta kuma ce a sanar da hukuma cikin awa 72 in an yi kutse mai haɗari. Sai dai mutum nawa ne a layin kati suka san suna da wannan haƙƙi?

Na san Estoniya ba ta fama da ɗauke wuta da rashin sabis, kuma kusan kowa a can ya iya karatu. Amma su ma a 1991 da suka fita daga Tarayyar Sobiyet talakawa ne, kuma shekara 17 suka ɗauka kafin su buɗe rumbun lafiya. Abin koyi shi ne jerin da suka bi: lamba ɗaya ga kowa, sannan doka, sannan fasali ɗaya, sannan na'ura. Mu mukan fara da kwangilar kwamfuta.

Majalisar Dokokin Jihar Katsina tana iya yin nata ba sai ta jira Abuja ba. Ta ce duk asibitin da ke jihar ya rubuta lambar NIN a katin mai ita, ba tare da an kori wanda ba shi da ita ba. Ta ce duk wanda aka sallama ko aka tura gaba a ba shi taƙaitaccen bayani a fasali ɗaya, ko da a takarda ne. Ta ce ba za a sayi manhajar asibiti da kuɗin jiha ba sai wadda ke rubuta sunan duk wanda ya buɗe fayil, kuma majiyyaci na da ikon a karanta masa jerin da Hausa. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, sun isa wurin gwaji, ga hakimai da dagatai da limamai da za su yi wa jama'a bayani kamar yadda suka yi lokacin rigakafi. Kafin nan, duk wanda aka yi wa gwaji ya nemi kwafin sakamakonsa ya adana, ya kuma ɗauki hotonsa a waya in yana da ita. Doka ta riga ta ba shi wannan.